Wadda Take Riƙe wa Baba Sitiyari

Ranar da na karɓo motata daga garejin Baba, ban kai shataletalen farko ba na gane akwai matsala. Mota tana tafiya sak, ba ta jan hagu ba ta jan dama, amma sitiyari ya kwanta gefen hagu kamar mai ciwon wuya. Tambarin da ke tsakiyarsa yana kallon ƙofa. Da na gwada miƙe shi, sai mota ta nufi kwata.

Na gangara gefen titi na kashe mota, na zauna ina kallon abin. Wallahi da wani bakanike ne ya yi mini wannan aiki, da tuni na juya na wanke shi tas. Ni ba a san ni da haƙuri ba. Ɗaliban da nake koyarwa ma Malama Barkono suke ce mini a bayan idona, kuma na sani, kuma ban ce ƙarya suke yi ba. To amma wannan Baba ne, mahaifina, mutumin da ya shekara arba'in yana saita tayoyin mota, aikin nan da ake kira alaimen, ba a taɓa dawo masa da mota an ce ga kuskure ba.

Baba ba shi da na'ura irin ta manyan gareji. Zare yake ɗaurawa a jikin ƙarafa huɗu ya zagaye mota da shi, ya auna tazarar da ke tsakanin zaren da kowace taya, sannan ya shiga rami ya sassauta noti, ya murɗa sandar da ke tura taya har sai awo ya yi daidai. Shi ya sa duk layin ba wanda ke kiransa da wani suna sai Mai Zare. Amma kafin ya taɓa noti ko ɗaya, dole wani ya zauna a kujerar direba ya riƙe sitiyari a miƙe, kada ya motsa. In aka saita tayoyi sitiyari yana karkace, haka zai zauna a karkace. Shi kuwa Baba yana da wata doka da ya kafa wa kansa tun yana saurayi: ba ya zama a kujerar mai mota da kayan aiki a jikinsa. Ya ce mutum ya kawo maka motarsa ne, bai kawo maka ita ka shafa mata baƙin mai ba.

Saboda haka Inna ce take riƙewa.

Abin ya fara ne tun tana amarya. Ta kawo masa abincin rana, ba kowa a kusa, ya ce ta ɗan shiga ta riƙe masa. Daga nan ya zama aikinta. Duk motar da aka kawo da safe sai ya duba ta, ya ɗaura zare, ya ajiye ta har Inna ta iso da kular abinci. Ta shiga ta gyara zama, shi kuma ya tsaya a gaban mota yana leƙen sitiyari ta gilashi, yana cewa, "Direba, hagu kaɗan. Kaɗan dai. Yawwa, tsaya nan." Direba yake ce mata, ita da ko makulli ba ta iya murɗawa ba. In mata suka tsokane ta sai ta ce, "Ku yi ta dariya. Na tuƙa motar alƙali, na tuƙa ta likita, ban taɓa buge ko kaza ba."

Bara ciwon zuciya ya kama ta. Ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya daina shiga, likita ya ce ta zauna a gida ta huta. Wata rana na taso daga makaranta na biya ta gida ban same ta ba. Na wuce gareji, sai ga ta a cikin wata tsohuwar motar kaya, a wannan zafin, gumi ya jiƙa mata wuyan riga, tana numfashi da baki, hannu biyu a kan sitiyari. Baba yana cikin rami yana ta ƙwanƙwasa.

Idona ya rufe. Na tsaya a bakin ramin na fara, ta inda nake shiga ba ta nan nake fita ba. Na ce masa, "Baba, kashe ta kake so ka yi? Duk garin nan an rasa mai riƙe maka sitiyari sai mara lafiya? Ƙarfe ya fi maka ita?" A gaban mai motar na faɗa, a gaban maƙwabtansa na faɗa. Baba bai ɗago kai ba. Inna ce ta leƙo ta taga ta ce, "Ke Auta, rufe mini baki. Ni na kawo kaina, ba wanda ya ɗauko ni."

Sati shida bayan nan ta rasu. Allah ya jiƙanta.

Tun daga lokacin tsakanina da Baba sai gaisuwa. Ina kwana, lafiya lau, ya jiki, da sauƙi. Zuciyata ta ƙi saukowa, kuma bakina bai iya ba da haƙuri ba. Da na faɗa wani rami a hanyar makaranta mota ta fara cin taya, sai na ce to, ga dalilin zuwa wurinsa. Kai masa motar nan da na yi, shi ne ban haƙurina, kuma na san ya gane. Ga abin da ya fito.

Kwana uku ina tuƙa ta haka, ban gaya wa kowa ba. A na huɗu na tsaya wurin Mai Faci, maƙwabcin Baba, wai zan ƙara wa taya iska. Tare suka tsufa a layin nan. Yana durƙushe a gindin taya, ya ɗaga kai ya hango sitiyarin ta taga, ya girgiza kai.

"Har da ke, 'yata?"

"Har da ni kamar yaya, Kawu?"

Ya waiga wajen garejin Baba, ya rage murya. "Taki ce ta shida tun da ya dawo aiki. Duk gefe ɗaya suke kwantawa. Ni nake tare su a nan in ba su haƙuri, in tura su wani wuri a gyara, don kada ya ji. Shekaranjiya mai motar ɗaukar 'yan makaranta ya zo yana ta kumfar baki, da ƙyar na lallashe shi. Yanzu babanki da bel ɗin kujera yake ɗaure sitiyarin, ta taga yake miƙa hannu ya saita. Na ce bari in riƙe maka, ya ce in je in ji da facina." Ya matse bakin taya ya miƙe. "Ni ban gaya wa yayanki ba. Amma magana ba ta ɓuya a layin nan."

Na san abin da Yaya yake jira ke nan. Tun bayan rasuwar Inna ya gyara wa Baba ɗaki a gidansa, ya sa gado, ya sa fanka, ya sa talabijin, yake cewa a rufe gareji tsoho ya huta. Ni na hana. Ba don ina da kirki ba, don na san ubana ne. Mutumin da ya rasa matarsa, abin da ya rage masa a duniya shi ne ya tashi da safe ya san akwai inda ake jiransa. In aka raba Baba da ramin nan aka ajiye shi gaban talabijin, ba zai shekara ba. Wannan na sani kamar yadda na san sunana.

Ai kuwa da yamma sai ga wayar Yaya.

"Auta, kin ji abin da ake faɗa?"

"Me ake faɗa? Mutane ba sa rasa abin faɗa."

"Kada ki raina mini hankali. Motar yara ce fa aka kai masa. In wani abu ya faru, wa za a kama?"

"Tayoyin daidai suke, Yaya. Sitiyari ne kawai ya ɗan kauce. Mutum yana cikin baƙin ciki, ba za a yi masa uzuri ba?"

"Uzurin shi ne ya zo gida ya huta. Ranar Lahadi zan zo da mota in ɗauke shi."

"Ka zo ka same ni a bakin ƙofa," na ce, na kashe wayar a kunnensa. Daga baya na ji kunya, amma a lokacin ko a jikina.

Ranar Asabar da hantsi na koma garejin. Baba yana zaune a kan benci yana goge sifana ɗaya da tsumma, ba mota ko ɗaya a kan rami. Na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata, lafiya?" Haka yake kira na, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

"Lafiya lau, Baba. Wani ramin na sake faɗawa. Ka san ni da gudu."

"Ke da mota sai ka ce faɗa kuke yi," ya ce. "Hau da ita."

Na hau da ita kan rami. Ya kawo ƙarafansa ya ɗaura zare. Rabona da in tsaya in kalli aikinsa tun ina yarinya, shi ya sa na ga abubuwan da ban taɓa lura da su ba. Ɗan ƙarfen da yake awo da shi duk ya yi masa tsaga-tsaga da zarto, kuma ba kallonsa yake yi ba, farcen babban yatsa yake bi da shi yana ƙirga tsagar. In zai ɗauki sifana, sai ya shafa teburin tukuna. Ya zo zai miƙa hannu ta taga ya jawo bel, sai na ce, "Bari, Baba. Tun da ina ciki, ni zan riƙe."

Ya tsaya. Ya janye hannunsa daga kan ƙofa. Can ya zagaya ya tsaya a gaban mota, ya ɗan sunkuya yana leƙowa ta gilashi.

Na riga na miƙe sitiyarin sak, tambari yana kallon sama.

"Hagu kaɗan," ya ce.

Na juya kaɗan.

"Ƙara."

Na ƙara.

"Kaɗan dai. Yawwa. Tsaya nan, ya miƙe."

Na kalli abin da ke hannuna. Ya kwanta daidai inda ya kwana huɗu yana kwance. Na ɗaga kai na kalli Baba ta gilashi, fuska da fuska, cikin hasken rana. Idonsa na dama ya yi fari-fari kamar an ɗiga masa madara. Na hagun ne yake aiki da shi, ya karkatar da kai yana ƙanƙance shi. Ashe ba baƙin ciki ba ne. Baba ba ya gani daidai, abin da yake karkace shi yake gani a miƙe. Kuma farin da ke idon nan ba na wata biyu ba ne, ba na shekara ɗaya ba ne. Na tuna shekara huɗu ke nan da ya daina tuƙi, ya ce gwiwa ce take damunsa, duk muka yarda.

To in haka ne, ta yaya motoci suke fita daidai duk shekarun nan?

Tambayar ba ta gama zuwa ba amsar ta same ni. Inna. Yana cewa hagu tana juyawa hagu, yana shiga rami tana mayar da shi inda yake daidai. Shi ya sa ta ƙi zama a gida. Shi ya sa take jan kumburarrun ƙafafunta zuwa nan kullum. Ni kuma na zo na tsaya a kansu ina ihu kamar mahaukaciya, ban san komai ba.

Baba ya sauka cikin rami. Na share idona da kafaɗa don hannuna ba su da dama. Na ce a raina, abin da uwata ta yi ni ma zan yi. A hankali, a hankali, na mayar da sitiyarin tsakiya. Tayoyi suka ɗan yi ƙara a kan siminti, ƙiii, ƙasa-ƙasa.

Shiru daga ƙasa. Ba ƙwanƙwasa, ba motsi.

"Kin yi gaggawa, Uwata," muryarsa ta fito daga ƙarƙashin mota. "Ita sai ta bari na fara buga noti tukuna, sannan ta juya. Don kada in ji."

Na ƙanƙame sitiyarin.

"Riƙe shi nan inda kika sa shi. Kada ki motsa."

Ya yi aikinsa. Ina jin sifana tana kama noti, ina jin ya fito ya auna ya koma. Ni kuwa ina riƙe da sitiyari, hawaye yana zuba a kan cinyata, ba halin gogewa. Minti ashirin da wani abu, amma ban taɓa yin zama mai tsawon wannan ba.

Da ya gama ya fito, ya zauna a bakin ramin ƙafafunsa suna lilo a ciki. Na fito na zauna kusa da shi a ƙasa, ban damu da zanina ba.

"Ka sani ke nan, Baba."

"Shekara arba'in ina ƙarƙashin mota. Taya za ta motsa a kan kaina in kasa sani?"

"Me ya sa ba ka faɗa ba? Da mun kai ka asibiti."

"Ta kai ni. Sau biyu. Suka ce na daman ya riga ya tafi, na hagun kuma sai dai a lallaɓa shi. Da muka fito ta ce mini likitocin nan ba su san komai ba, idona garau yake. Na ce haka ne, Direba. Ba mu sake maganar ba." Ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ko'ina ba. "Tana nuna ba ta sani ba, ina nuna ban sani ba. Da ta tafi sai na ce bari in gwada, ko na iya ni kaɗai. Ina ganin Mai Faci yana tare mutane a bakin hanya. Shi ma yana zaton ban sani ba."

Na kama hannunsa, duk baƙin mai. "Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa maka ran nan. Ban sani ba, wallahi ban sani ba."

"Ba abin da zan yafe. Gaskiya kika faɗa."

"Haba Baba."

"Gaskiya kika faɗa, Uwata. Ina ganin ƙafafunta. Ina jin yadda take numfashi a cikin mota, ina ƙasa ina ji. Kalma ɗaya ce, in ce Direba, zauna a gida, na bar aikin. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa. Sai a kawo mota, sai in ce gobe." Ya kalli cikin ramin. "Tsoron zama nake yi. Na bar ta tana zuwa saboda ina tsoron zama."

Ban taɓa ganin ubana yana kuka ba, ko ranar da aka fita da Inna. A bakin ramin nan ma ba kuka ya yi sosai ba, ruwa ne kawai yake bin gefen hancinsa yana shiga gemu, bai goge ba.

Na yi sauri na ce, "To ai an gama. Ƙarfe biyu nake tashi daga makaranta. Kullum zan zo in riƙe maka, ka tara motocin har in iso. Ba wanda zai sani. Gobe in Yaya ya zo ni zan ji da shi, ka bar ni da shi kawai."

"Yaranki fa?"

"Ubansu ya ɗauko su. Me yake yi?"

"Ranar da ba ki da lafiya fa?"

"Zan zo haka."

"Na sani," ya ce. "Na san za ki zo. Ita ma haka take zuwa."

Na buɗe baki zan yi musu, ni da ba a taɓa kayar da ni a magana ba, sai ya riga ni.

"Na yi da mutum ɗaya, ba zan yi da ta biyu ba. Kira yayanki. Ki ce ba sai ya jira gobe ba."

Na roƙe shi. Na ce a nemo wani ya riƙa riƙewa, na ce Kawu Mai Faci ya yarda, na ce a sayi ƙarfen da ake kulle sitiyari da shi ni in riƙa saitawa da safe kafin in wuce. Ya ce yau sitiyari ne, gobe noti ne zai bari a sake bai gani ba, a motar da ke ɗauke da 'ya'yan mutane. Na yi fushi, na yi kuka, na ce masa zai mutu a ɗakin nan na Yaya. Ya ce, "Wataƙila."

Sai na kira Yaya. Ya ɗauka yana shirin faɗa, da ya ji muryata sai ya yi laushi, ya ce ga shi nan zuwa gidan Baba ya haɗa kaya.

Baba ya wanke hannu da sabulu a bakin famfo, ya shiga ciki ya canja riga. Ya jawo ƙofar gareji ya sa kwaɗo, sai da ya laluba sau biyu kafin ya sami ramin makulli. Na fitar da motar na ajiye ta a tsallaken titi, na dawo in tafi da shi. Mai Faci yana tsaye a bakin rumfarsa da tiyo a hannu, ya kasa ƙarasowa.

Muka zo bakin titi. Akwai wata kwata a wurin, an ɗora mata siririn katako ana takawa. Baba ya tsaya cak.

"Uwata, kama ni. Ba na ganin bakin katakon nan."

"Duk kwanakin nan fa, yaya kake tsallakawa?"

"Zagayawa nake yi ta can ƙarshen layi. Da ita take riƙe mini hannu, mu tsallaka tare. Mutanen layin nan suna ta tsokanarmu, wai tsofaffi da soyayya ba kunya."

Na sa hannuna a ƙarƙashin damtsensa. Ban san ya rame haka ba. Na ce, "Ɗaga ƙafa, Baba. Gaba kaɗan. Yawwa, taka."

Ya taka, muka tsallaka.